Jan Ƙarshe a Damagaram

Mutanen majalisarmu ta Dawaki sun ishe ni da tambaya. Da an zauna a bencin mai shayi, an gama zagin 'yan ƙwallo da 'yan siyasa, sai wani ya juyo ya ce, "Audu, ba mu labarin Faranshi mana." Faranshi muke kiran Nijar, yadda muka ji kakanninmu na Katsina suna kira. Ni kuwa sai in ba su labarin kilishi da dogon burodi, su yi dariya, in shanye shayina in bar wurin. Shekaru ina yi musu haka. Yanzu da gari ya lafa, kuma babu wanda maganar za ta jawo wa fitina, bari in rubuta ta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in huta.

Tare da Obinna muka yi tafiyar. Iyayensa Ibo ne, amma a Gombe aka haife shi, kuma in ana zagi da Hausa ni ma sai in koma gefe in koya. Muna da ɗakin aiki a Gabukka, inda muke buga bajon 'yan makaranta da rigunan biki da fuskokin 'yan takara. Aikin sikirin ne. Siliki ake ɗaurewa a jikin katako, a zuba tawada, a ja ta da roba ta ratsa ta sauka a kan takarda. Kowace kala jan ta daban, sai ta farko ta bushe a ɗora ta biyu. Aikin mutum biyu ne. Shi yake riƙe roba, ni nake aza takarda a ƙasa in daidaita ta da kalar baya, kuma ba ya motsa hannunsa sai na ce "ja". In na kuskure da faɗin silin gashi, idon ɗan takara zai koma kan kumatunsa.

Wannan shi ne aikin da muke ci da shi. Akwai wanda ba ma faɗa wa kowa. Obinna yana zana abubuwan da sai mai zazzaɓi yake gani: saniya da janareto a cikinta, tsohuwa tana tankaɗe taurari a rariya, mutum da jaka a madadin kai. Masu son waɗannan su ne makaɗan da ba a gayyata biki, masu haɗa gurmi da ƙarar injin niƙa su ce waƙa ce. Su sa a bangon faifai, ko su liƙa a katanga a ɓoye. Ba ya sa suna a jiki. Na sha gaya masa ban gane ko ɗaya ba, yakan ce ba don in gane ya yi ba, in aza takarda kawai.

Mutumin nan mai kan jaka shi ya jawo mana. Wani ya liƙa shi a bangon wata tasha, ba a daɗe ba bam ya tashi a wurin, aka kuma ce a jaka aka kawo shi. Nan da nan magana ta bazu cewa hoton alama ce da mutanen daji suke ba juna. 'Yan sintiri suka shiga bin masu buga takardu shago-shago. Mun ƙona abin da ya rage, amma duk keken da ya tsaya a ƙofarmu sai in leƙa in ga ko su ne. A cikin wannan hali ne Laminu, wani mai kaɗa jita a Damagaram da ya ga aikin Obinna a waya, ya ce mu kawo masa fosta da bangon faifai. Ranar wasansu ba ta tsaya ba, don haka muka buga baƙi da rawaya a gida, muka bar ja da rubutu sai mun isa can.

Ana gobe za mu tashi, Mama, mahaifiyarsa, ta aika a kira ni gidanta a bayan Federal Low-Cost. Mijinta ya rasu, sauran 'ya'yanta sun koma kudu, Obinna kaɗai ya ƙi. Ta aike shi sayen kananzir, ta zaunar da ni a kan turmi.

"Audu, kai ɗana ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Mama."

"To ka kai shi, kada ka dawo min da shi. In sun kama shi babu mai tambaya me ya zana. Kudu ba zai je ba, ya ce ba garinsa ba ne. Can kuma suna jin Hausa. Maganarka yake ji."

Na ce to, don ba a ce wa uwa a'a a kan turminta. Amma na fito raina a ɓace. Ba ni da aboki kamarsa, ba ni da sana'a sai aza masa takarda. Kafin in kai bakin titi na riga na yanke shawara: zan kai shi, in dawo da shi, in ce mata shi ya ƙi.

Motar Kano muka shiga, ta hanyar Dukku. A lokacin duk wanda ya shiga mota sai ya ƙare wa kowa kallo, ya kalli jakarsa, ya kalli faɗin rigarsa, sannan a yi gaisuwa. A gaba akwai wani Alhaji mai fataucin wake, wayoyi biyu a hannu, yana ba direba umarni kamar shi ya sayi motar. Na riƙe katakon sikirin da gwangwanin jar tawada a kan cinyata. Fostocin kuwa Obinna ya ce ya shirya su da kansa a but ɗin motar, ni ban duba ba.

A shingen sojoji kowa yake sauka, a kashe waya, a taka da ƙafa hannuwa a sama har a wuce buhunan yashi. Muna cikin wannan tafiya sai na ji soja ya daka tsawa a bayanmu. Na waiwaya. Ya zaro wani abu daga cikin bargo: fayif ɗin ruwa ne, tsawon hannu, an toshe bakinsa biyu an naɗe da salatif. Kafin ka ce me, wurin ya watse. Alhajin wake da nake ganin ba zai iya gudu ba, sai ga shi kwance a cikin kunyar wata gona, waya ɗaya a nan ɗaya a can.

"Na waye?" in ji sojan, da Hausar da ya koya a barikin wani gari.

Obinna ya ɗaga hannun da dama yake sama. Suka sa shi ya ɗauki fayif ɗin ya yi nisa da shi, ya buɗe shi kaɗai, bindigogi na kallonsa. Ina tsaye ina tunanin abin da zan gaya wa Mama tun ba mu bar jiharmu ba. Ya ɓare salatif a hankali, ya zaro takardu, ya warware ɗaya ya ɗaga. Raƙumi ne yana tafiya a kan wayar lantarki, rediyo a bakinsa, ƙarƙashinsa rijiya. Inda rana za ta zauna a cikin rijiyar fari ne fat, haka ma gurbin idon raƙumin.

Sojan ya matso, ya daɗe yana kallo. "Ina idonsa?"

"Bai iso ba tukuna, oga. Sai mun je can za mu sa masa."

Sojan ya yi dariya har ya dafa motar, ya karɓi guda ɗaya ya ce zai liƙa a ɗakinsa. Shi kaɗai abin ya ba dariya. Alhaji ya zage mu tun daga nan har Darazo, ya haɗa da iyayenmu da makarantar da muka yi, kuma ban ga laifinsa ba. Da muka tsaya cin masa na ja Obinna gefe.

"Fayif? A wannan zamanin? Kai wane irin kai gare ka?"

"Don kada su lanƙwashe ne. Kuma ka gani ai, ko ɗaya bai lanƙwashe ba."

Na sayi tabarma na naɗe su a ciki, na bar wa mai masa fayif ɗin. Ita ma ta ce ba ta so.

A Kano mun zaga gidajen saukar baƙi, da an ji Gombe sai a ce ɗakuna sun cika, alhali ga makullai a rataye muna gani. Muka ƙarasa wurin wani kawuna, ya shimfiɗa mana a zaure. Kunnensa ya yi nauyi, da na ce Obi sai ya ji Abu, har muka bar gidan Abubakar yake kiransa, shi kuma yana amsawa da "Na'am, Kawu" yana naɗe tuwo da miyar kuka. Tun a nan na fara aikina. Na ce masa Nijar zafi ne kawai da yashi, ba wuta, ba ruwa, tawada ma bushewa take a gwangwani. Ban taɓa zuwa ba, amma na bayyana masa ƙasar kamar a can na yi yaye.

Daga Daura muka nufi iyaka. A gefenmu ba a daɗe da mu ba. A nasu gefen, ma'aikacin kwastan, su duwan suke cewa, ya nuna tabarmar da sanda ya ce me ke ciki. Na ce zane ne. Idonsa ya yi haske. Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye mu, a zatonsu sun kama masu fasa-ƙwaurin atamfa. Aka kwance tabarma, ya ɗaga takarda, ya duba ƙarƙashinta, ya girgiza tabarmar.

"Ina zanen?"

"Ga shi a hannunka, ranka ya daɗe."

"Wannan ai afishi ne," in ji shi, cikin takaici, wato fosta. "Ku mutanen Najeriya ba ku iya Hausa ba."

Jandarman da ya karɓi katinmu, wato jami'in tsaronsu, ya fi shi nutsuwa. Ya karanta sunan Obinna, ya karanta inda aka haife shi, ya sake karantawa. Ya ce Ibo me yake yi a Gombe, wuta na ci kusa da ku haka? Obinna ya ce a can aka binne cibiyarsa. Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda ya kamata, har na ba jandarman goro.

Motar da muka hau daga nan zuwa Matamai, in ka ga abin da aka ɗora mata sai ka tausaya wa ƙarfe. Awaki a sama, buhuna a ƙasa, mu a tsakiya. Da aka tsaya a wani shinge, igiya ce kawai da wani dattijo ya ja a kan hanya, muka sauka ni da Obinna muka ɗaga hannuwa sama muka kama tafiya. Sai da muka yi nisa muka lura mu kaɗai ne. Fasinjoji na cikin mota suna kallonmu, wata mata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku sauke hannunku, 'ya'yana, nan ba a yin haka." Na sauke ina jin kunya. Obinna kuwa ya tsaya yana kallon hannayensa, kuma ban so wannan kallo ba.

Laminu ya tarye mu a tashar Damagaram. Dogo ne siriri, rawani a kai, yana magana a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Gidansu a tsohon gari yake, kusa da manyan duwatsun nan. Aka kawo mana fura, su hura suke cewa, da kwaɗon zogale da suke kira kopto. Sannan aka ɗora shayi a ɗan ƙaramin buta a kan gawayi. Mu a Gombe shayi abu ne da ake sha a tsaye a wuce. Su kuwa sai an dafa, an zuba, an mayar, an sake zubawa daga sama har kumfa ta tashi, a miƙo maka abin da bai cika cokali uku ba, sannan a ce ka jira na biyu da na uku. Na kasa zama. Na tashi na leƙa ƙofa, na dawo, na sake tashi.

Duk abin da na gani sai na kushe shi a kunnen Obinna. Na ce burodinsu sanda ne, sai ka jiƙa kafin haƙori ya shige. Na ce garin da ake kiran makaranta lakwal, malami mushe, ai mutum zai ɓata a cikin harshensa. Shi kuma komai burge shi yake. A kasuwa wani ya ajiye jaka a tsakiyar hanya ya shiga rumfa, ni na ja da baya ina neman hanyar gudu, mutane kuwa suna tsallake ta suna wucewa. Obinna ya tsaya a kanta yana murmushi har mai ita ya fito. Da na ga haka sai na fito da babbar magana a gaban Laminu, na ce na ji nan ma an taɓa ƙona majami'u. Laminu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Awo, an yi. Nan ma ba aljanna ba ce. Amma maƙwabcinmu Kirista a ɗakin uwata ya ɓuya, kuma har yanzu yana nan." Na bar maganar a nan.

Da la'asar suka yi mana kiɗansu a tsakar gida. Laminu ya haɗa jitarsa da wata tsohuwar rediyo, sautin yana fita a shaƙe. Makaɗinsu, Mamman, wani ƙato mai furfura a gemu, yana buga kalangu da hannu ɗaya, ɗayan yana dukan gargaren mota da ƙarfe. A bayan wannan duka sun ɗauko kukan kurar jan guga ta rijiya a waya suna sakawa. Ni dai na ji kamar ina zaune a shagon mai walda. Obinna ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Da suka gama muka shimfiɗa musu fostocin. Babu wanda ya tambayi ma'anarsu. Suka durƙusa suna kallo, Mamman ya bi wayar lantarkin da yatsa har ƙarshen takarda. Laminu ya juya ta baya, ya juyo da ita.

"Ina sunanka?"

"Ba na sawa."

"Nan ko mai ɗinka sirdi yana sa alamarsa. Akwai ɗakin ƙanena a nan, babu kowa ciki. Ka zauna mana. Masu kiɗa da yawa za su so aikinka, har daga Agadas."

Na zuba wa Obinna ido. Sai ya nuna ni da haɓa. "Ba zan iya ba sai da Audu. Ni hannu ne kawai, shi ne ido. In bai ce ja ba, ba na ja."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya rufe ni. Ga shi ya ƙi da bakinsa, a gaban shaidu, ba sai na yi wa Mama ƙarya ba. A ranar har shayi na uku na jira, na kuma yaba.

Washegari da hantsi ina bakin ƙofa wayata ta yi ƙara. Kafintan da ke maƙwabtaka da mu a Gabukka ne. Ya ce wasu mutane sun zo, sun ɓalle kwaɗon ɗakinmu, sun ɗaga sikirin ɗaya bayan ɗaya suna haska su a rana. Sun tafi da guda biyu. Ba su tambayi Audu ba, ɗan Ibon nan suka ce suna nema. Na san waɗanda suka ɗauka. Duk yadda ka wanke siliki, inuwar tsohon zane tana nan in ka ɗaga shi a haske.

Na zaga duwatsun nan ban san sau nawa ba. In na gaya masa, motar farko zai hau saboda uwarsa, na san halinsa. In na yi shiru, tare za mu koma, kamar yadda nake so, in kai shi hannunsu da kaina. Abu ɗaya ya ce yana hana shi zama, kuma abin nan ni ne.

An tsayar da ranar wasa, don haka aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka ɗora a kan ganguna ya zama teburi. Obinna ya dama jar tawada, ya ɗaura sikirin. Ni kuma na fito da tsumma naɗe a hannun dama, na ce ƙofa ta datse ni. Na ce Mamman ya zo in nuna masa.

Na nuna masa komai, ban rage ba. Yadda ake liƙa guntayen kwali a kusurwa su tare takarda. Yadda ake tura ta da farcen babban yatsa, ba da tafin hannu ba. Yadda ake runtse ido ɗaya a leƙa ta cikin siliki a ga baƙi ya hau gurbinsa. Sannan na ce, "In ka tabbata, sai ka ce masa ja. Kada ka faɗa don ya ƙosa. Zai jira."

Na farko rana ta fita daga rijiya ta zauna a gefe. Na biyu idon raƙumin ya sauka a wuyansa. Zuciyata ta ce ka gani, ba kowa ba ne. Amma makaɗi makaɗi ne. Kafin tawada ta ragu Mamman ya kama tafiyar abin, ya aza, ya tura, ya leƙa, ya ce ja, duk a kan bugu ɗaya yana taka ƙafa. Obinna ya ja, ya ɗaga, Mamman ya zare. Har Laminu ya ɗauko jita yana bin su. Sun fi mu sauri ni da shi, kuma rana tana faɗawa cikin rijiya daram. Ni aka bari da shanya, ina maƙala raƙuma a igiyar wanki da hannun da na ce ya ji ciwo. Ban taɓa jin kishin ƙato mai gemu ba sai ranar.

Da suka tsaya shan ruwa Obinna ya same ni a bayan igiya. Ya kama hannuna ya warware tsumman, ya juya shi gaba da baya.

"Mama ce ta sa ka?"

Na ce ita ce. Sannan na gaya masa maganar kafinta. Kamar yadda na zata, ya juya zai shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa. Na sha gabansa.

"Ba ita suke nema ba, kai suke nema. In ka koma ka kai mata su har gida. Ni zan riƙa zuwa ina duba ta."

"Gombe garina ne, Audu. Ban yi komai ba. Zane na yi."

"Na sani. To ka ji da kyau. In ka biyo ni, ko shekara za ka yi da roba a hannu, ba zan ƙara ce maka ja ba."

Ya kalle ni, yana neman alamar wasa a fuskata. Na san babu, don ni ma na ji yadda muryata ta fita. Ya koma teburi, suka ci gaba da Mamman har takardu suka ƙare, saura ɗaya. Sai ya ce wa Mamman ya ɗan ja gefe.

"Zo ka aza wannan."

Na aza, na tura da farce, na leƙa. Ta zauna tun a karon farko. Ya riƙe roba da hannu biyu yana jira. Bakina ya ƙi buɗewa. Zafin garin nan ba ya ɗaga wa tawada ƙafa, ina gani ta fara yin fata a kan siliki, shi ma yana gani, amma bai motsa ba, bai ɗago kai ba. Laminu ya daina kaɗa jita.

Na ce, "Ja."

Bayan sun bushe ya nemi fensir, ya zauna a ƙasa yana rubuta sunansa a gindin kowace fosta, cikakke, har da na mahaifinsa. Ya so ya ba ni ɗaya in kai wa Mama. Muka kalli juna, muka tuna shingayen da ke gabana, ya mayar da ita cikin sauran.

Masu tambayata yadda wasan ya kasance, ga amsarku yau: ban gani ba. Na kasa zama a garin. Da gari ya waye na ɗauki jakata, ya raka ni tasha, muka yi ta maganar banza a kan wace mota ce ba za ta mutu a hanya ba. Ya saya min kilishi, wanda nake ba ku labarinsa. Dawowa ba ta da wani labari. Duwan ɗin nan ya gane ni, ya tambaye ni ina zanen, na ce na sayar. Bayan Darazo na sauka na ɗaga hannuwa tare da kowa, babu wanda ya yi dariya. Sojan da ya karɓi raƙumi ba ya nan, an canza su.

Ban biya ta Dawaki ba. Daga tasha na hau keke zuwa gidan Mama, da ƙurar hanya a jikina. Na same ta a baranda tana gyaran ganye. Ta ɗago ta gan ni, sannan ta kalli keken da ya sauke ni, ta ci gaba da kallonsa har ya juya ya sha kwana.

"Ya zauna?"

"Ya zauna, Mama."

"Mutanen kirki ne?"

Na ce mutanen kirki ne. Na gaya mata ɗakin da aka ba shi, da uwar Laminu, da yadda suka durƙusa suna kallon aikinsa. Na ce har sunansa ya rubuta. Tana ji tana gyaɗa kai, hannunta bai daina tsinke ganye ba. Ta ce na kyauta, Allah ya yi min albarka. Ta tashi ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito da shinkafa a babbar kula, ta ajiye a gabana. Ta koma ta zauna ba ta kalle ni ba.

"Da ka ƙi jin maganata, Audu, da ban yi fushi ba."

Sannan ta turo min kular, ta ce in ci kada ta huce.